Kasuwar Kofur Ƙadangare

Sanarwar ta iso ƙauyen Umuagwa ranar Lahadi ta biyu a watan Janairun 1971. Malamin coci ne ya karanta ta bayan an gama addu'a: yaran da aka kwashe a jirgi zuwa Gabon lokacin yaƙin basasa sun fara dawowa, an sauke wasu a tsohuwar makarantar mishan da ke kan hanyar Owerri. Duk mai ɗa a cikinsu ya je, ya tafi da shaida.

Ulumma ta waiga ta dubi mahaifiyarta. Egondu ba ta ko motsa ba. Sai da aka watse ta ce, "Gobe da asuba. Ki wanke rigarki."

Rigar ɗaya ce, da buhun garin agaji aka ɗinka ta, har yanzu ana iya karanta rubutun da ke bayanta. Ulumma shekararta goma sha biyu. Ƙanenta Anozie yana da huɗu lokacin da aka tafi da shi, wata ashirin da biyu ke nan. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, Egondu ta kai shi wurin jinyar yara na mishan, ita kuma ta tafi neman gishiri a bayan layin sojoji. Kwana tara ta yi. Da ta dawo aka ce an ɗebi waɗanda ciwonsu ya fi tsanani an kai su filin jirgi. Wanda ya rubuta sunayensu ya mutu kafin yaƙin ya ƙare.

Shaida kuwa ba su da ita. Katin baftismar yaron ya ƙone tare da akwatinsu. Ubansa ya shiga soja bai dawo ba. Hoto ba a taɓa ɗaukarsa ba.

Shekara guda da ƙarewar yaƙin, gidan yana nan yadda suka dawo suka same shi. An kwance kwanon rufi, an tafi da ƙofofi, ɗaki ɗaya suka rufa da ganyen tukurwa. Abinci sau ɗaya ne a rana, garin rogo da miyar ganye, da manja ran da aka dace. Aikin yaran unguwar shi ne fasa ƙwallon kwakwar manja. Sukan zauna ƙarƙashin mangwaro, kowa da duwatsunsa biyu, daga safe har rana ta karkata, sannan a kai abin da aka tara kasuwa. Aiki ne mai cin yatsa, yaro ba ya zama a kansa sai da dalili. Dalilin yaran Umuagwa shi ne Ulumma.

Labari ɗaya take da shi, na wani ƙadangare soja mai kasuwa a ƙarƙashin ƙasa. Ita ta ƙirƙire shi a daji, a cikin ramin ɓuya, don Anozie ya yi shiru in jirage suna shawagi. Tun da suka dawo gida kullum shi take bayarwa, kullum kuma da sabon abu a ciki, domin masu fasa ƙwallo ba sa yafe maimaici. Wannan ya ce a sa burodi, wancan ya ce a sa keke. Ita kuma ba ta hana kowa.

Matsalar ita ce a Umuagwa ba a tatsuniya da rana. Tatsuniya ta bayan cin abincin yamma ce. Mai yin ta da rana, in ji manya, malalaci ne, yunwa yake kira wa gidansu. Sau biyu Egondu ta zane ta a kan haka.

"Yunwar da ke gidan nan ba ta ishe ki ba," ta ce mata, "sai kin aika an kira mata ƙanwa?"

Daga nan, in yaran suka ji takun Egondu, sai su ƙara ƙarfin duka, Ulumma ta rage murya, har ta wuce.

Ranar Litinin suka yi tafiyar mil bakwai a ƙasa zuwa bakin kwalta, suka shiga motar katako. Hantsi ya ɗaga suka isa makarantar.

Yaran suna filin wasa, su sittin da wani abu. Mata sun jeru a bakin shingen waya suna kallo. Ulumma ta daɗe ba ta ga yara masu kumatu haka ba. Kowa da riga mai maɓalli, kowa da takalmi, wasu har da safa.

"Waɗannan 'ya'yanmu ne?" in ji wata mata. "Kalli wuya! Kamar 'ya'yan likita."

"Ni ma da na sani da na kumbura ƙafa na bi jirgin," in ji ta kusa da ita.

Aka yi dariya, wasu suna share ido da gefen zane.

Egondu ba ta yi dariya ba. Ta damƙi kafaɗar Ulumma har sai da ta ji zafi.

"Ga shi can. Jikin ganga. Kunnuwan ubansa ke nan."

Ulumma ta duba. Wani yaro ne a zaune shi kaɗai kusa da gangar ruwa, yana kwance maɗaurin takalminsa yana sake ɗaurawa. Ta nemi ƙanenta a fuskarsa ba ta samu ba. Anozie da ta sani kai ne babba a kan siririn wuya, da ciki kamar ƙwarya. Wannan yaro ne cikakke. Amma da ya miƙe ya taka, sai ta ga yana ɗan jefa ƙafar hagu waje, kamar yadda mahaifinsu yake yi.

Jami'ar da ke kula da wurin, Misis Ukaegbu, tana zaune a baranda da tebur da babbar rajista. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta saurari Egondu har ƙarshe, ta buɗe shafi, ta karanta: "Lamba arba'in da ɗaya. Namiji. An ɗauko shi daga yankin Mbaise, watan Maris 1969. Ba suna. A can suna kiransa Pol." Ta rufe rajistar. "Kwanan wata ya yi daidai da naki. Amma ke ce ta biyu."

Ta nuna ƙarshen barandar da alƙalami. Wani dattijo ne a zaune a kan benci, da sanda tsakanin gwiwoyinsa da ƙullin kaya a gefe.

"Dee Ogbuagu. Kwanansa uku a nan. Ya ce jikansa ne."

Dattijon ya miƙe da ƙyar ya matso. Ya gaishe da Egondu yadda ya kamata, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "'Yata, ba rigima na zo yi ba. Ɗana ya mutu, matarsa ta mutu. Yaron nan kaɗai ya rage a gidana. Goshin ubansa ne, ko a duhu na shafa zan gane."

"Dee, kunnuwan mijina ne," in ji Egondu. Dee kiran girmamawa ne ga babba a wajensu.

"To sai a raba," in ji wata daga bakin shinge. "Ke ki ɗauki kunnuwa, shi ya ɗauki goshi."

Misis Ukaegbu ta dube ta ta saman tabarau, matar ta yi shiru.

Aka kawo yaron. Mai renon da ta zo da su daga Gabon ta ce yana jin Ibo kaɗan-kaɗan amma ba ya amsawa da shi, Faransancin ma ba ya yawan yi. Dattijon ya kira, "Ibeziako!" Yaron ya dube shi. Egondu ta durƙusa ta ce, "Anozie. Ɗana." Ya dube ta ita ma, kallo iri ɗaya, sannan ya koma bayan mai reno.

"Yana da tabo a ƙwaurin dama," in ji Egondu da sauri. "Gyambo ne ya yi masa a daji."

"Yana da shi," in ji Misis Ukaegbu. "Yara arba'in cikin sittin ɗin nan suna da shi. Na ƙirga." Ta cire tabarau ta goge. "Ku ji. A watan jiya, a wani wuri, an ba wata mata yaro saboda ta fi kowa kuka. Bayan mako biyu uwarsa ta gaske ta zo da kati. Ni ba zan yi wannan ba. Gobe da safe mota za ta kwashe waɗanda ba a tantance ba zuwa gidan marayu, takardunsu su tafi Enugu. In kwamiti ya zauna, za a neme ku."

"Yaushe zai zauna?"

"Ban sani ba."

 Ulumma ta san abin da Egondu take lissafawa. Kazar da aka sayar aka shiga mota ita ce ta ƙarshe a gidan. Ba su da hanyar zuwa Enugu, ba su ma san wanda za su tambaya a can ba.

Sai Egondu ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zane. Ta ce tana da waƙar da take yi masa tun yana goye, ta cikin tatsuniyar kunkuru, wadda mai bayarwa yake rerawa masu sauraro su amsa. Ta ce ba labarin za ta bayar ba, rana ce, waƙar kawai. Misis Ukaegbu ta ce ta gwada.

Ta rera baitin farko. Kafin ta rufe baki amshi ya taso daga filin wasa. Yara sittin suka amsa gaba ɗaya, har da tafi, wasu suka sheƙo da gudu suka kewaye barandar suna jiran baiti na biyu. Yaron ma ya motsa baki tare da su.

Mai renon ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mu muke yi musu ita a can kowane dare."

"Waƙar nan ko akuyata ta iya ta," in ji matar bakin shinge.

Egondu ta zauna a kan matakalar baranda. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba hannuwa a cinya tana kallon ƙasa.

Ulumma ta tsaya tana kallon yaran da suka kewaye su. Ta ga abin da ya hana waƙar zama shaida: ta kowa ce. Ta matsa gaban tebur.

"Madam, ni ina da wadda ba wanda ya sani."

"Waƙa?"

"Labari. Ni na yi shi. Anozie kaɗai nake ba wa a ramin."

"Ulumma," in ji Egondu ba tare da ta ɗaga kai ba. "Rana tsaka."

"'Yata, bar ta," in ji Dee Ogbuagu. "Wace yunwa ce ta rage da ba ta san hanyar gidajenmu ba?"

Misis Ukaegbu ta daɗe tana duban yarinyar. Sannan ta yago takarda daga bayan rajista.

"Ba zan karɓi murmushi ba, ba zan karɓi kuka ba. Duk yaro yana son labari. Ki gaya min tun yanzu abin da zai yi, in rubuta, Dee ya shaida. In ya yi, to. In bai yi ba, ba zan ƙara jin magana ba."

Ulumma ta matso ta rage murya don kada yaron ya ji. Ta ce akwai wurin da ake isa ƙofar kasuwa, ƙofar ba ta buɗewa sai ƙaramin cikinsu ya ƙwanƙwasa. Zai ƙwanƙwasa gwiwarta sau biyu. Ta ce akwai kuma wurin da ake miƙa masa abinci mai zafi. Zai karɓa a tafin hannu, ya hura, ya riƙa juya shi daga hannu zuwa hannu. Misis Ukaegbu ta rubuta, ta sa ɗaya da biyu, ta karanta wa dattijon a kunne. Ya gyaɗa kai.

Aka zaunar da yaron a bakin baranda. Sauran yaran suka zauna a ƙasa. Ulumma ta tsaya a gabansu.

"Akwai labarin da zan ba ku," ta ce.

"Ba mu, ranmu ya yi fari!" suka amsa.

Ta fara yadda take farawa ƙarƙashin mangwaro. Janar Ƙadangare ya zo da motarsa mai ƙafa goma, da direba kwaɗo, ya kwashi yaran gari. Suka gangara ta ramin gara zuwa kasuwa mai ƙofa bakwai. A ƙofar farko dutsen shinkafa ne, ana hawa da tsani. A ta biyu kogin manja, da kwalekwalen burodi, in ka gaji da tuƙi ka cinye kwalekwalen. A ta uku ana biyan mutum lada in ya ci nama, wanda ya ƙoshi da wuri a kai shi kotu. Muryarta ta saki. Yaran suka yi tsit, matan bakin shinge suka daina magana, har mai renon ta saki baki.

Ta iso ƙofa ta huɗu ta ce, "Wa zai ƙwanƙwasa?"

Hannuwa ashirin suka tashi. "Ni! Ni!"

Yaron yana wasa da maɗaurin takalminsa. Bai ɗaga kai ba.

Ta sake tambaya. Ya yi hamma. Misis Ukaegbu ta dubi agogon hannunta, ta ɗora alƙalami a kan takardar.

"Yarinya, kin iya labari," in ji Dee Ogbuagu a hankali, ba da izgili ba. "Amma tun yaushe ƙadangare ya zama janar? Ko shi ma yaƙin ne ya yi masa ƙarin girma?"

Aka yi dariya. Ulumma ba ta ji dariyar ba. Maganar ce ta tsaya mata. Yaran mangwaro ne suka mai da shi janar, bara, lokacin damina. Motar ta wani yaro ce mai son zama direba. Kogin manja ita ta sa shi, ranar da manja ya ƙare a gida. Anozie bai taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba. Labarin ya yi ƙiba a bayansa, kamar yadda shi ma ya yi ƙiba a bayanta, har ba su gane juna ba.

"Madam, na yi kuskure. Ba shi ba ne."

"Kin ce naki ne."

"Nawa ne, amma na yanzu ne. Nasa daban. Sau ɗaya kawai, Madam."

Misis Ukaegbu ta dube ta. Ta dai ɗauke alƙalamin daga kan takardar.

Ulumma ta hau barandar ta zauna a ƙasa dab da yaron, ta naɗe ƙafafu ta ɗaga gwiwoyi, ta sunkuyar da kai, domin ramin ba shi da tsayi, haka suke zama. Ba ta yi buɗewar tatsuniya ba. A ramin ba a amshi, kowa tsoron ƙara yake. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kusa da kunnensa, har sai da Misis Ukaegbu ta jawo kujera don ta ji.

"Wata yarinya da ƙanenta suka kama ƙadangare. Za su gasa shi. Ya ce, ku dakata. Ni kofur ne. Ba a cin kofur."

Hannun yaron ya tsaya a kan takalmin.

"Suka ce, yunwa muke ji, Kofur. Ya yi haka da kai." Ta gyaɗa kai sau uku irin na ƙadangare. "Ya ce, ku sake ni in kai ku kasuwarmu. Suka sake shi. Ya shiga rami, suka bi shi. Duhu. Suna rarrafe, suna rarrafe. Jirgi yana sama yana nemansu, bai gan su ba, jirgi ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa. Sai ga ƙofa. Yarinyar ta tura, ta ƙi. Kofur ya tura, ta ƙi. Kofur ya ce, ƙofar nan ba ta jin manya."

Ta yi shiru. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta dube shi ba. Ta bar gwiwarta a inda take.

Wani yaro a ƙasa ya buɗe baki, mai renon ta rufe masa da hannu. An ji wata babbar mota tana wucewa a kwalta, an ji ta har ta yi nisa.

Yaron ya dunƙule hannu. Ya kai shi gwiwar Ulumma ya ƙwanƙwasa sau biyu, a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

Wata mata ta yi ƙara a bakin shinge, aka ce mata ta yi shiru. Misis Ukaegbu ta ja layi a ƙarƙashin lamba ɗaya.

"Ƙofa ta buɗe," in ji Ulumma.  "Kasuwa ce babba, amma ba kowa. Tsohuwa ɗaya ce kawai a tsakiya, da wuta, tana gasa doya. Doya ɗaya."

Iyakar kasuwar ke nan a lokacin. Ulumma ta tuna cewa a ramin tunaninta bai wuce doya ɗaya ba, kuma ta ishe su.

"Tsohuwa ta kankare baƙin. Ta tsaga. Ta zuba manja. Ta ɗauko gishiri, gishiri na gaske, fari, ta barbaɗa. Ta ce, ƙarami ne farko. Ungo. Da zafi fa."

Ta miƙa masa hannu ba komai a ciki.

Kafin yaron ya motsa, Egondu ta taso daga matakala ta sunkuya kusa da Misis Ukaegbu. Ulumma ta ji abin da ta raɗa mata.

"Madam, rubuta na uku. In ya hura, ba zai ci ba tukuna. Zai gutsura ya jefa ƙasa. Rabon Kofur ne."

Ulumma ta manta da wannan sarai. Ba ta kuma taɓa sanin mahaifiyarta tana saurare ba. A ramin Egondu kullum baya take juya musu, kamar mai barci.

Yaron ya buɗe tafin hannu ya karɓa. Ya hura. Ya juya zuwa hagu, ya hura, ya mayar dama, yana ɗan yarfa yatsu. Sannan ya sa yatsu biyu ya gutsuri iska, ya jefa gefen baranda, ya bi ta da ido har ƙasa. Sai ya kai sauran baki ya tauna.

Ya ɗago ya dubi Ulumma sosai, karo na farko. Ya ce, "Daa." Haka ƙanana suke kiran yayyensu mata a wajensu.

Misis Ukaegbu ta buɗe rajista a lamba arba'in da ɗaya. Ta tambayi cikakken suna, da sunan uba, da ƙauye, ta rubuta. Ta maƙala takardar da ta yago a jikin shafin da allura. Sannan ta dubi dattijon.

"Dee, ka gani?"

"Na gani." Ya daɗe yana duban yaron. "Ibeziako ba ya ba kowa abincinsa. Ko kaza ta matso sai ya jefe ta. Wannan mai ciyar da ƙadangare ba jinina ba ne." Ya yi ƙoƙarin dariya. "'Yata, ɗauki ɗanki. Goshin dai ya yi kama."

Misis Ukaegbu ta ce akwai wani jirgin ranar Alhamis, da yara tamanin. Dattijon ya ce zai jira, bencin ya saba da shi. Egondu ta kwance ƙullin dafaffen rogon da suka zo da shi don hanya, ta ajiye masa gaba ɗaya. Ya ƙi, ta yi kamar ba ta ji ba.

An ba su yaron da jakar kaya: riga biyu, bargo, gwangwanin madara, da katin allura. A cikin mota ya ƙi zama a cinyar Egondu. Da ta miƙo hannu sai ya ƙanƙame Ulumma. Egondu ta janye hannun, ta riƙe jakar a madadinsa.

"Ai ni na kai shi na bari," ta ce, tana kallon hanya. "Zai saba."

A bakin kwalta ta cire masa takalman ta rataya a wuya, ta ce mil bakwai za su cinye su. Ya taka ƙasa da ƙyar, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a kan toka mai zafi. Ulumma ta goya shi rabin hanya, ya yi mata nauyi yadda ba ta zata ba, sauran rabin ya yarda Egondu ta ɗauka, don barci ya fara ɗibarsa.

Da sauran rana suka shiga Umuagwa. Yaran mangwaro suka watsar da duwatsu suka sheƙo, mata suka fito suna guɗa, kowa yana son ya taɓa kumatun. Aka sauke shi a ƙofar gida. Ya tsaya yana kallon bangon da ba rufi, da ƙofar da ba ƙyaure, da tukunya ɗaya a kan murhu. Leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Ya faɗi wata magana da Faransanci, ba wanda ya gane.

"Ulumma," in ji Egondu. "Zauna da shi ki ba shi labarin."

"Mama, rana ba ta faɗi ba."

"Ina da ido. Tsohon za ki ba shi, ba na janar ɗinki ba. Kada ya shigar min gida yana neman kogin manja."

Ta shiga ɗaki. A kan ragaya akwai doyar iri guda shida da ƙanen mijinta ya ba ta, tana jiran ruwan farko ta shuka. Ko ranar Kirsimeti ba ta taɓa su ba. Ta tsaya ta dube su, ta zaɓi mafi ƙanƙanta, ta fito ta hura wuta.

Ulumma ta ja labarin yadda ta iya, ta tsawaita rarrafen cikin duhu, ta sa Kofur ya ɓata hanya sau biyu, har doyar ta gasu. Yaran unguwa suna tsaye a bayansu, wani ya ce ai wannan ba shi ne labarin ba, ina motar, aka dungure masa kai. Da aka zo wurin tsohuwa, Egondu ta kankare baƙin da wuƙa, ta tsaga, ta zuba ragowar manjan da ke kwalba, ta barbaɗa gishiri.

"Ƙarami ne farko," ta ce. "Ungo. Da zafi fa."

Anozie ya dube ta, ya dubi doyar. Ya karɓa. Ya hura, ya juya ta hagu, ya juya ta dama. Sannan ya gutsuri yanki mai ɗan girma ya jefa ƙasa.

A gidan nan ko ƙwayar gari ta faɗi sai an tsince ta. Egondu ta bi gutsuren da ido har ya tsaya a cikin ƙasa.  Ta yanka wa Ulumma nata.